Ranar da Na Ɗaure Kaina a Kujerar Roba

Saura kwana biyu a rufe rajistar jarrabawa, rautar da ke ba shagon kwamfutar yayata intanet a Gwaram ta fara ɗaukewa. Na taso daga Birnin Kudu da jakar kayan gyara a kafaɗa, ina jin kaina kamar babban likita.

Ko noti ban kwance ba sai da na yi wa ɗaliban da ke kan layi lacca. Na ce ɗan tartsatsin nan da mutum ke ji idan ya cire rigar leda, shi kaɗai ya isa ya kashe fanel, wato allon lantarkin da ke cikin rauta. Na ɗaura igiyar kariya a wuyan hannuna, na ce ita ke zubar da wutar jiki a ƙasa. Suna ta gyaɗa kai. Na maƙala ɗaya bakin igiyar a ƙafar kujerar da nake zaune, sannan na buɗe rautar na goge fanel ɗin da hannun rigata don ya yi ƙyalli.

Sai muka ji ƙyas! Na mayar na kunna. Da tana ɗaukewa tana dawowa, yanzu ko fitila ɗaya ba ta kawo ba.

Yaya ta leƙa ƙarƙashina, ta ce, "Injiniya, yaushe roba ta fara kai wuta ƙasa?"

Kujerar roba ce. Ɗalibai suka kwashi takardunsu suka tsallaka shagon maƙwabci.

Har yau in na yi sallama a gidanta, kafin ta amsa sai ta ɗaga murya: "A kawo wa Injiniya kujerarsa, a ɗaure shi kafin ya taɓa min firji!"