Nomau da Iskar Shoka

A Tungar Giwa akwai wani Nomau, shi da matarsa Kubura da wani babur mai dogayen ƙafafu da ya gada wurin kawunsa. Kubura na da tsohon ciki, hanyar asibiti kuwa duwatsu ne da kwazazzabai. Babur ɗin nan shi kaɗai ne abin hawansu.

Wata rana ya kai shi wurin Ilu bakanike. Ilu ya danna gaban don ya gwada shoka, ƙarfen nan da ke rage jijjiga, ya ji ƙam. Ya ce, "Shokarka ta mutu." Nomau ya yi salati, ya kwance ta, ya wanke, ya naɗe da farin ƙyalle, ya binne bayan gida. Sai da Ilu ya zo da fartanya aka tono ta, mata na leƙe ta katanga.

Wata rana Ilu ya ce, "Sayo man da ake zuba wa shoka, marar nauyi. Mai nauyi sandarar da ita zai yi, mai ciki ta sha jijjiga." Nomau ya je shagon masu mai, ya ɗaga kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ya dawo da wadda ba komai ciki. "Oga, duk wannan ta fi su rashin nauyi."

Wata rana, bayan Ilu ya zuba man da kansa, babur na jingine gindin tsamiya da tsakar rana, ba kowa kusa, sai aka ji ya yi ajiyar zuciya, fuuu, kamar tsoho. Kaji suka watse. Da aka kira Ilu ya duba, ya ce, "Iska ce a ciki, gobe ma fitar da ita."

Nomau ya ja baya. "Iska? Baƙa ko fara?"

Kafin la'asar naƙuda ta taso. Aka ce ya tada babur, ya ce wallahi matarsa ba ta hawa abin da iska ke ciki. Ya shimfiɗa mata katifa a amalanken shanu. Ilu ya fusata. "Kai dai sakarai ne! Matsa in nuna maka." Ya haye ya fizga. A kwazazzabon farko murfin shoka, wanda shi Ilun ya manta bai ɗaure ba, ya yi tsalle, gaban ya durƙushe, Ilu ya ci ƙasa har da haƙora biyu.

Kubura ta sauka lafiya a asibiti. Da Nomau ya je duba Ilu, sai ya matsa kusa da kunnensa ya rage murya: "Oga, kai da bakinka ka faɗa. Me ya kai ka hawa?"