Dalilin da Ya Sa Ake Ce Mini Burtu

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da aka sauya mini suna ba, kuma ko na so in manta, abokan sana'ata na tashar babura ba za su bari ba. Yau in ka sauka a Falgore ka tambayi sunana na yanka, sai ka ga ana kallon juna. Amma ka ce, "Ina Burtu?" nan take za a nuna maka ni a gindin darbejiya, a kan babur ɗina.

Gara in fara da faɗin gaskiya: ni mutum ne mai zargi. In matata Asabe ta ƙara mini nama a miya, sai na tambaye ta abin da take nema. In mutum ya gaishe ni da fara'a fiye da kullum, a ranar sai na duba tankin maina. Ina da ɗan uzuri dai. Wanda ya san yankinmu ya san mun sha wuyar ɓarayin shanu a shekarun baya, kuma kowa ya san ba sa zuwa sai sun fara turo mai leƙen asiri. Matsalata ita ce, ni duk baƙo ɗan leƙen asiri ne har sai ya tafi.

To, ana cikin irin zafin nan da ko akuya ba ta son fita daga inuwa, sai ga wata tsohuwar mota ta tsaya a tasha, ta yi buɗu-buɗu da ƙura. Wani dattijo ya fito, siriri, da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba, ga madubin hangen nesa rataye a wuyansa. Ya yi mana sallama, ya ce sunansa Malam Tijjani, tsohon malamin makaranta ne daga Bebeji. Motarsa ba za ta iya hanyar daji ba, yana neman mai babur. Layina ne, sai na ɗauke shi.

"Baba, ina muka nufa?"

"Inda ruwa ya rage, ɗana. A irin wannan lokaci duk mai rai can yake zuwa."

A hanya ya yi ta ba ni labari. Wai tun daga Tiga ya faro, ya kwana a Kafin Maiyaki, ya bi ta Tudun Wada, duk inda ya ga tafki ko ƙorama sai ya tsaya ya kalli tsuntsaye. Ya ga zalɓe, ya ga kirinjijiya, ya ga cilakowa. Na ce, "Baba, kamawa kake yi ko sayarwa?" Ya ce a'a, kallo kawai. (Ku ji fa. Mutum ya ƙona mai, ya bar iyalinsa, don ya kalli zalɓe. Tun daga nan kunnena ya miƙe.)

Sannan ya faɗa mini abin da ya fito da shi. Ya ce likita ya gaya masa idonsa yana tafiya, kuma irin tafiyar da ba ta dawowa ce. Na hagu ya riga ya rufe, na dama ne ya rage, shi ma kullum yana ja baya. Yana yaro ya taɓa ganin burtu tare da kakansa a bakin wannan daji, tun daga ranar bai sake gani ba. "Ina so in sake sa shi a idona kafin fitilar ta mutu," in ji shi. "Shi ke nan buƙatata."

Mutumin kirki da ya ji wannan sai tausayi ya kama shi. Ni kuwa a raina na ce, kai, wannan ya iya shirya magana.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan daji ba bayani, don a nan kuskurena ya kwanta. Maharbanmu suna da abin da ake ce wa kan burtu: bakin tsuntsun da ƙoƙon kansa ne, a haɗa da lanƙwasasshen itace, a naɗe da fata. Maharbi ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa baƙin zane, ya yi rarrafe cikin ciyawa yana ɗaga kai yana saukewa kamar tsuntsu mai kiwo, har ya je kusa da gada ba ta gudu ba. Na sha ganin wannan rataye a zauren Sarkin Baka, shugaban maharban garinmu, na kuma sha ganin ana wasa da shi. Amma burtu mai rai, mai numfashi, ban taɓa gani ba, haka ma duk sa'o'ina. A wurina burtu abu ne da mutum yake sawa in yana so ya ɓoye.

Muka haɗu da wani Bafulatani da garkensa. Malam ya sa na tsaya, ya gaishe shi da Fulatanci, ya tambaye shi inda suke shayar da shanu da kuma lokacin da wurin yake zama shiru. Bafulatanin ya nuna masa wata ƙorama can gindin duwatsu. Ni ina gefe ina tarawa: baƙo, madubin hangen nesa, Fulatanci, mashayar shanu, lokacin da babu kowa. Me ya rage?

Kafin mu isa ya ce in kashe babur mu tura. Ya ce in cire farar hulata in sa a aljihu. Muka zauna a gindin wata kanya, ga ɗan ruwan da ya rage, ga busasshiyar gamba ta kewaye shi. Muka daɗe har ƙafata ta mutu. Can sai ya haɗa tafukan hannunsa a baki ya busa wani irin sauti mai kauri, kamar ana dukan tulu daga nesa. Ya kasa kunne. Ya sake.

Wallahi sai aka amsa. Daga can bayan duwatsu, irin sautin sak.

Malam ya damƙe hannuna. "Ka ji? Ɗana, ka ji? Suna nan! Gobe daga masallaci nan za mu yo, da sassafe suke saukowa." Sannan ya rage murya. "Amma don Allah kada ka gaya wa kowa. Musamman maharba."

Shi yana tsoron kada a kashe tsuntsun don kansa. Ni kuwa na ji abin da nake jira tun safe.

Da na koma gida na kasa cin tuwo. Asabe ta tambaya, na zayyana mata. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Baban Sadiya, tsohon da ka ce da ƙyar yake ganin gabansa, shi ne zai saci shanu?"

"Ai irinsu ake turowa. Wa zai zarge shi?"

"Kai mana. Kai da ka zargi mai gyaran rediyo da sauya maka batir, alhali a juye ka sa shi."

Na ce mata harkar tsaro ba ta mata ba ce. (Wannan maganar ma har yau ina biyan kuɗinta a gida.) Ana idar da magariba na wuce zauren Sarkin Baka, don maharba ne 'yan sintirinmu. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi komai: madubin, Fulatancin, mashayar, busar da amsar.

"Ka tabbata, yaro? Sa dattijo a bakin mutane ba ƙaramin abu ba ne."

"Ranka ya daɗe, da kunnena na ji an amsa masa. Kuma da bakinsa ya ce kada maharba su sani."

Abu ɗaya na ɓoye, kuma shi ne babban laifina: ban ambaci burtu ba. Na ga kamar in na faɗa, zancena zai yi rauni. Da na furta wannan kalma ɗaya, da tsohon maharbin ya yi dariya ya sallame ni, da yau sunana na yanka yana nan. Aka shirya cewa shi da mutanensa za su riga mu zuwa su laɓe a bayan duwatsu, ba wanda zai motsa sai na yi ihu.

Washegari muka tura babur, na cire hula ba a ma ce in cire ba. Malam har ya yaba mini. Ya miƙo mini dabino, na karɓa na sa a aljihu ban ci ba, wai kada a sa mini wani abu. Muka zauna a gindin kanyar. Gari ya fara haske, kurciyoyi suna ta sauka. Ya busa. Aka amsa, wannan karon kusa ƙwarai, har na ji sautin a ƙirjina.

Sai na ga gambar tana motsi. Kawuna biyu baƙaƙe suka bayyana a saman ciyawa, da dogayen bakuna, suna tahowa a hankali. Su ɗaga, su sauke. Su tsaya, su waiga. Daidai yadda maharbi yake yi, ba ragi ba ƙari. (Ko sau ɗaya bai zo mini a rai in tambayi kaina wane ne yake kwaikwayon wani ba.) Na ce a raina, lalle waɗannan ƙwararru ne, har da kayan aiki suka zo.

Malam yana ta laluben madubinsa, yana raɗa: "Ina jin takunsu. Ta ina suke, ɗana? Kama hannuna ka nuna mini. Yi a hankali."

Maimakon in kama hannunsa sai na miƙe tsaye na cika ƙirji.

"Ɓarayi! Ga su nan! Ku fito!"

Maharba suka ɓarko daga bayan duwatsu. Wani ƙato a cikinsu ya yi kan Malam ya danne shi, fuska a ƙasa, tabarau ya yi gefe guda. Ni kuma, da yake ina so a ce ni na kama na farko, na rarumi wani reshe na ruga cikin gambar, na nufi babban kan ina ihu: "Cire kan nan mu ga fuskarka! Cire, munafuki!"

Na je gab da shi. Ya juyo ya dube ni. Ido ne mai gashin ido dogaye kamar na amarya, wuyansa ja da shuɗi. Ya ɗan ruga da ƙafafu biyu, sannan ɓarawona ya buɗe fukafukai. Faɗinsu ya kusa ƙofar zaure, gefensu fari fat. Ya tashi da ƙyar, matarsa ta bi shi, suka haye duwatsun suka ɓace.

Wurin ya yi tsit. Ina tsaye da reshe a sama. Na ji muryar Sarkin Baka a bayana, a sanyaye: "Yaro, a garinku ɓarayi suna tashi sama?"

Wani ya fara dariya, sauran suka kama, har da mai faɗuwa ƙasa. Sarkin Baka bai yi ba. Ya daka wa ƙaton nan tsawa, ya je da kansa ya ɗaga Malam, ya kaɗe masa riga, ya tsinto tabarau ya goge da bakin rawaninsa, yana ta ba shi haƙuri. Ya ce shi kansa rabonsa da ganin burtu mai rai tun yana saurayi, kan da ke zaurensa ma gadon mahaifinsa ne.

Na zo na durƙusa ina jiran zagi, kuma da zagin aka yi da ya fi mini sauƙi. Malam ya tofar da ƙasar da ke bakinsa, ya mai da tabarau, ya juyo inda yake jin numfashina.

"Ɗana, kai ne ka fi kowa zuwa kusa. Ka gan shi?"

"Baba, ka yafe mini, wallahi ni na..."

"Bar wannan tukuna. Ka gan shi? Ni ƙasa kawai na gani. Faɗa mini yadda yake."

Haka na zauna a gaban maharban garinmu, ina kwatanta wa mutumin da na sa aka danne abin da ya ƙetaro ƙananan hukumomi don ya gani. Na faɗi gashin idon, na faɗi jan wuyan, na faɗi farin fiffiken. Yana gyaɗa kai yana cewa, "Haka ne. Namijin ke nan. Haka yake." Hawaye yana bin ƙurar da ke kumatunsa. A ranar na gane akwai kunyar da ba ta da wurin ɓuya, ko da mutum yana tsakiyar daji.

Tsuntsayen ba su dawo ƙoramar ba. Malam ya jira 'yan kwanaki ya koma Bebeji. Sarkin Baka ya tara mutanensa ya ce duk wanda ya harbi burtu a yankinsa ya nemi wani sarkin, sannan ya yanke mini hukunci: tun da ni na kore su, ni zan nemo su. Haka na riƙa fita bayan asuba ina tura babur a daji, ba fasinja, ina busa hannu kamar mahaukaci, ina tambayar Fulani inda ruwa ya rage. (Wani makiyayi har ya kai ƙarata wurin 'yan sintiri. Ban ji haushinsa ba ko kaɗan.)

Sai da shamuwa ta iso, aka yi ruwan fari, sannan na same su a wani fili ta hanyar Riruwai. Na buga wa Malam waya. Wannan karon ɗansa ne ya tuƙo shi, don ya daina tuƙi. Na kama hannunsa na saita masa madubin, bakina a rufe. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ina ganin wani baƙin abu yana tafiya kamar alƙali." Na ce shi ne, Baba. Ya ce, "Alhamdulillahi. Sauran ai ka riga ka ba ni." Da na bar shi ya duba a bazara da idon da yake da shi a lokacin, da ya ga gashin idon da kansa. Bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba, amma duk mun sani.

Zargin bai sake ni gaba ɗaya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Jiya ma sai da na ƙirga naman miya. Sai dai yanzu in zuciyata ta ce mini ga ɓarawo nan, nakan zauna in rufe bakina, in ba shi ɗan lokaci in ga ko yana da fiffike.