Bahon Wanka da Taurari

Ba zan taɓa mantawa da makon da aka zo awon gidanmu a Zongo ba, domin har yau in na ɗauki bahon wanka sai wani ya yi dariya.

Abin ya samo asali ne daga katanga. Baba, surukina, zai sake gina wadda ke tsakaninmu da Alhaji Mudi, maƙwabcinmu. Alhaji ya ce tsohuwar ta ci masa taƙi guda, Baba ya ce ƙarya ne. Mutanen da suke tafiya masallaci tare tun ba a haife ni ba, sai ga shi sun daina gaisawa. Aka kira jometir, wato mai awon fili, wani ɗan unguwa Sabi'u, suka yarda duk abin da ya faɗa shi ke nan.

Sabi'u ya kafa wani abu mai ƙafa uku a tsakar gida, da kai kamar faifai. Ya ce abin zai wuni yana sauraren taurarin ɗan Adam. "Don Allah kada kowa ya taɓa, kada kuma a tsaya kusa da shi." Ya hau babur ya nufi unguwar Godomey.

To, ni fa lokacin goyo nake, Amira ko zama ba ta fara ba. (Ni ce uwar da in yarinya ta yi atishawa sai na tashi gida duka.) Na ce a raina, abin da aka hana manya matsawa kusa, ina ga jaririya mai maɗiga ɗanya? Ga wata 'yar fitila a jikinsa tana ƙyafta mini ido. Ɗaki kuma zafi, dole a waje nake shayarwa.

Sai dabara ta zo mini. Duk sanda Amira ta yi kuka, na ɗauki bahon ƙarfe na kifa masa a kai, na ba ta nono, na gama na cire. Ai ban taɓa shi ba, baho ne ya taɓa. Har yabon kaina nake.

Washegari Sabi'u ya dawo fuska a murtuke, ya sake kafa abin, ya tara mutane a tsakar gida. Ya buɗe ordinatar, wato kwamfuta, ya ce shi ba ya sa hannu a takardar awo sai ya gwada lissafinsa da na wani shafi a intanet, wanda ake tura masa abin da na'urar ta ɗauka, ya yi nasa lissafin daban. Kullum suna haɗuwa. Wannan karon sun saɓa da kusan taƙi, daidai abin da ake faɗa a kai.

"Kuma ku duba nan," ya ce, yana nuna wani layi mai giɓi-giɓi. "Kamar wani yana rufe sama yana buɗewa. Ban taɓa ganin irinsa ba."

Baba ya miƙe. "Na sani! Mudi, asiri ka yi wa taurari!"

"Ni? In ina da asirin da ya kai sama, da katangarka zan tsaya?"

Murya ta hau. Ni ina bakin ƙofa, wallahi ban haɗa maganar da kaina ba, sai ma tausayin Baba nake. Hayaniyar ta tashi Amira, ta tsala kuka. Kafin in yi tunani, ƙafata ta riga ta san aikinta. Na saɓa yarinya, na sunkuci baho, na ratsa tsakanin dattawa biyu har da "gafara dai, Baba", na kifa shi a kan na'urar. Ƙwam!

Kowa ya juyo yana kallona.

Sabi'u ya dube ni, ya dubi ordinatar. A hankali ya ce, "Anti, sau nawa take shan nono jiya?"

"Tana da ci," na ce.

Alhaji Mudi ne ya fara. Ya yi dariya har ya dafa kafaɗar Baba don kada ya faɗi. "Ga bokan naka, abokina! A gidanka yake, da goyo!" Baba ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ya kasa. Ni kuwa na tsaya da baho a gabana, ina roƙon ƙasa ta tsage.

Ranar da aka sake awon, aka tura ni gidan yayata a unguwar Saint-Michel, ni da Amira da bahon. Lissafi biyu suka haɗu, katanga ta zauna inda take, dattawa suka koma tafiya masallaci tare.

Yanzu in abu ya ba ni tsoro, tambaya nake kafin in rufe shi. Amma gaskiya, maɗigar Amira ta haɗe lafiya lau, kuma babu wanda ya isa ya ce mini ba bahon ba ne.