Injin Wasa Sarƙa Ɗan Italiya

Sana'ata yankan itace da zarton inji, kuma na gaji da wasa haƙoran sarƙa da magagari. Sai na shiga Kano na sayo ƙaramin injin wasa sarƙa, mai tambarin Italiya a jikinsa.

Da na dawo garinmu Masanawa, abokan sana'a suka taru a ƙofar gidana. Na ɗaga injin da hannu biyu na ce, "Ku ji nauyi! Na China ba ya nauyi haka. Kwayil ɗinsa, wato naɗin wayar da ke ciki, tagulla ce zalla."

Surukina Alhaji Sale, wanda ke da aikin saran darbejiya washegari, ya miƙo sarƙarsa. "To Malam, fara da tawa."

Aka tayar da janareta. Ban yi nisa ba injin ya fara rawa, dutsen wasan ya cinye haƙoran sarƙar, sannan ya yi ƙauri ya mutu. Na rantse laifin janareta ne, na ɗauki injin, na ja Alhaji har Gwarzo wurin mai gyara don ya gani da idonsa.

Mai gyaran ya kwance murfin, ya zaro dunƙulen siminti. Kwayil ɗin bai kai ƙwan kaza ba.

"A ina aka ƙera shi?" na tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ban sani ba, Malam. Amma dai magini ne ya ƙarasa aikin."

Da muka koma gida, Alhaji ya ba kowa labari. Na koma wa magagarina. Har yau, in tirelar siminti ta wuce, sai wani ya ɗaga murya: "Malam, fito, kayanka sun iso daga Italiya!"