Agogon Masu Nutso da Shan Ruwan Tsaskiya

Ba zan taɓa mantawa da wani azumi da ya faɗo cikin damina ba, lokacin ina ƙaramin akawu a Batsari, shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa kowa yana sayen rediyo da babur. Firamare kawai na gama, amma ina son a ɗauka na wuce nan. Shi ya sa da wani direban babbar mota ya dawo daga Ikko da agogo, ya ce irin na Turawa masu nutso cikin teku ne, ban tsaya dogon ciniki ba. (Ni da ko kududdufin bayan gari ban taɓa shiga ya wuce gwiwata ba.)

Agogon baƙi ne mai nauyi. Fuskarsa babu lamba ko ɗaya, sai fararen ɗige-ɗige. Lambobin duk suna kan wani zobe da ya kewaye gilashin, wanda ake iya juyawa, da wata 'yar alama a samansa. Tun a hannun direban na lura alamar ba ta zauna kan ɗigon sha biyu ba, ta ɗan karkace kamar hular ɗan gaye, kuma ko yaya ka taɓa zoben sai ya motsa.

Na ce, "Direba, wannan ai a karkace yake."

Ya ce, "Da gangan ne, Malam Akawu. A ƙarƙashin ruwa ido karkacewa yake yi, in ka nutse sai ka gan shi daidai."

Na yarda. Sai bayan shekaru na ga na gaskiya a hannun wani injiniya: zoben gefe ɗaya kawai yake juyawa, da ƙyar, yana ƙas-ƙas, alamar kuma tana zaune kan sha biyu cif, don ba a fitar da shi daga masana'anta sai an duba. Nawa kam, ina jin ranar da aka haɗa shi mai dubawar ya tafi biki. Tunda fuskar ba lamba, sai na saba karanta mintoci daga zoben.

A lokacin ina neman auren Hajara, 'yar Malam Jibo, wani dattijo mai shanu a Tsaskiya. An kai gaisuwa amma bai sa rana ba, yana dai nazarina. Da azumi ya yi nisa, abokina Ɗanlami ya goya ni a babur muka kai kayan shan ruwa, kamar yadda ake yi wa surukai. Na sa babbar riga, duk tsawon hanya ina naɗe hannunta don agogo ya sha iska.

Muna isa hadari ya rufe yamma ruf. Maza suka taru a ƙofar gidan Malam Jibo, aka fito da kunu da ƙosai da fura da nono. Ladan ya tashi ya leƙa wajen da rana take faɗuwa, ya dawo ya ce, "Gari ya rufe, ban ga komai ba. Mu ƙara jinkiri."

Da na yi shiru, da shi ke nan. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Baba, ai ba sai an wahala ba. Rediyo ta faɗi lokacin shan ruwa, ga shi a agogona har ya gota."

Ɗanlami ya mintsine ni. Malam Jibo ya dube ni ya ce, "Ka tabbata, yaro?"

Na ce, "Baba, wannan ko a ƙarƙashin teku ba ya ƙarya."

Ladan ya kira salla. Aka yi bisimilla, ludaya suka shiga aiki, mata a cikin gidaje suka ji kira su ma suka sha. Ina cikin kurɓar fura da taƙama sai hadarin nan ya tsage, rana ta leƙo jajir a saman karan gero, tana kallonmu muna kallonta.

Wani tsoho ya tsaya da rabin ƙosai a hannu. Na saci kallon agogo, sai na ga alamar da na bari kusa da sha biyu ta gangara can wajen tara. Jijjigar hanya da hannun rigata sun juya zoben, ni kuma na karanta abin da na ga dama.

Ladan ya yi salati ya ce kowa ya kame baki har rana ta faɗi, kuma duk wanda ya sha akwai ramuwa a kansa bayan Salla. Unguwa guda! Sai ga muryar kakar Hajara daga bayan zana: "Ina mijin nawa mai agogo? Ashe har rana kake korawa? Gobe ka zo ka faɗar mana da ita tun azahar, ni tsohuwa ce, azumin nan ya ishe ni." Aka bushe da dariya, ni kuwa ina neman ramin da zan shiga.

Bayan an yi sallar gaskiya na durƙusa gaban Malam Jibo na ce, "Baba, laifina ne." Ya karɓi agogon, ya taɓa zoben da ɗan yatsa, ya ga yana yawo kamar dutsen niƙa. Ya miƙo mini ya ce, "Ƙarfe bai yi mini rantsuwa ba, kai na tambaya. Ranar ramuwa ka dawo ka yi tare da mu, kai za ka tsaya da ladan ka duba rana."

Na dawo, ba agogo. Na tsaya bakin gona har ta faɗi, na ƙara jinkiri har ladan ya ce, "Malam Akawu, yau kuma kashe mu za ka yi?" A yammacin nan Malam Jibo ya sa ranar aure.

Tun daga nan na koyi cewa "ina jin" da "wataƙila", kuma ban ga sun rage mini komai ba. In kuwa na manta na buga ƙirji a kan wata magana, Hajara ba ta musu da ni. Sai dai ta dubi hannuna ta ce, "Malam, ka duba zoben kuwa?"