Ƙarfen Buga Ƙararrawa

Ba zan taɓa mantawa da wannan Talatar ba, kuma ko na so in manta, ɗalibaina ba za su bari ba.

Shekarar da aka sake buɗe makarantu ce, bayan dogon rufewar da rikicin nan ya jawo mana. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a unguwar Bolori cikin Maiduguri, malamin wucin-gadi, ba takardar kama aiki. Mu huɗu ne a wannan hali, gurbi kuwa ɗaya tak. Sai aka ce za a turo mai duba malamai ta zauna a ajin kowa, wanda darasinsa ya gamsar da ita shi za a ɗauka. Ga shi an riga an sa min ranar aure, kuma mahaifin yarinyar ya tambaye ni har sau biyu, cikin fara'a mai ciwo, ko wucin-gadin nan yana da ranar ƙarewa.

Ni kuwa ina da wata cuta tun ina jami'a, cutar "da a ce". Babban "da a ce" ɗina a kan bindiga yake. Kakanninmu sun yi yaƙi da bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki: ka zuba albarushi, ka tura harsashi, ka daka da sanda, duk kana tsaye ƙiƙam a gaban abokin gaba. Turawa suka zo da wadda ake buɗewa ta baya, mutum yana kwance zai harba biyar kafin naka ya gama daka ɗaya. To da a ce maƙeran Borno sun riga su gano wannan dabarar fa? Wa zai mulki wa? (Abokaina na majalisar hira a unguwar Mairi sun sha wannan karatun har ta kai da na ce "da a ce" sai kowa ya fara laluben takalminsa.) Na yanke cewa da wannan darasin zan kayar da sauran ukun.

A makon ni ke kula da lokaci, don haka ni ke buga ƙararrawa. Ƙararrawar tamu tsohon wilin mota ne da aka rataye a jikin bishiyar dogon yaro, abin bugawar kuma wani guntun ƙarfe mai nauyi, bai fi tsawon tafin hannu da rabi ba, duk tsatsa. Mai gadinmu, Baba Modu, shi ke ajiye shi. Dattijo ne da ya gudo daga garinsu can wajen tafkin Chadi, ya zauna a makarantar lokacin da take sansanin 'yan gudun hijira, da aka kwashe mutane aka bar shi yana gadi. Tsakanina da shi gaisuwar Barebari ce, "Wushe, Malam", da safe, shi ke nan.

Na buga ƙararrawar shiga aji, sai na hango mai dubawar, Madam Rifkatu, ta nufi ajina da jakarta. Na bi ta da sauri, ban ko lura ƙarfen yana hannuna ba.

Gaskiya darasin ya fara da daɗi. Na zana bindigogin biyu a allo. Na gina musu Bornon da ba a taɓa cinyewa ba, mai masana'antunta, mai jiragenta a tafki. Yara suka yi tsit, Madam tana gyaɗa kai. Nan fa kaina ya kumbura, na kai inda ba a aike ni ba.

"To me ya hana?" na ce. "Maƙeranmu sun iya hannu, amma ba su iya tunani ba. Kaka da kakanni abu ɗaya suke ƙerawa. Ba a samu ko mutum ɗaya da ya ce bari in buɗe ta ta baya ba. Ko ɗaya!"

Na maka ƙarfen a kan tebur, ƙwam, don maganar ta shiga.

"Malam, ba ni ƙarfena."

Baba Modu ne a bakin ƙofa. Ashe ya biyo abinsa, ya tsaya yana jira in gama. Na ɗaga masa hannu irin na manya, na ce, "Baba, muna darasi."

"Na ji darasin," ya ce, ya shigo har gaban allo. "Ƙarfen da kake zagin kakana da shi, shi ya ƙera shi."

Ya karɓa, ya zaro ƙusa daga aljihu, ya sa a wani tsagi da ban taɓa lura da shi ba, ya danna. Bayan ƙarfen ya buɗe kamar murfin buta. Ciki fes, yana ƙyallin mai. Gindin bindiga ne, mai buɗewa ta baya, irin wanda na gama rantsuwa ba a taɓa yi ba.

"An kashe ƙanensa a yaƙi yana tsaye yana ɗuri," in ji Baba Modu. "Shi ya sa ya yanka ta nan. Ta tashi sau uku lafiya. Na huɗu wutar ta dawo baya ta ci masa ido. Ya sake wata, ta ci yatsu biyu. Ba tunani ya rasa ba, Malam, kwanso ya rasa. Ta Nasara, tagullar harsashin ce ke kumbura ta toshe ƙofar, wuta ba ta dawowa. Kai da ka yi jami'a, ba a faɗa muku ba?"

An faɗa mana. Yana nan a littafi. Ni ne na tsallake wurin, don yana ɓata min "da a ce" ɗina.

Wata ɗaliba ta tambaye shi me ya kai shi jikin ƙararrawa. Ya ce, "Ranar da muka gudu shi kaɗai na ɗauko. A shingen bincike aka ce mene ne wannan, na ce na buga ƙararrawa ne. To ban so in mutu maƙaryaci."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Na ga takardar aikin ta tafi, na ga fuskar surukina. Abin da ya fi ci min rai shi ne kwana biyu ina dukan wilin mota da idon wani da yatsunsa. Na durƙusa a gaban yara na ce, "Baba, ka yafe min." Sannan na miƙa masa alli, na koma benci na matsa tsakanin ɗalibai. Ya yi ta bayani har lokaci ya wuce, ba wanda ya tashe mu, tunda ƙarfen da mai bugawar duk suna cikin ajin.

Da muka fito, Baba Modu ya tsaya yana kallon Madam, ƙarfen a hannunsa. Sai a lokacin na gane kasadar da ya yi don mutuncin kakansa: ya buɗe gindin bindiga a gaban ma'aikaciyar gwamnati, a Maidugurin wancan lokacin. Madam ta rufe littafinta ta ce, "Baba, ni ƙarfen ƙararrawa na gani." Ta juyo gare ni: "Ban ga darasi mai kyawun wannan ba a zangon nan. Saura in gane wa zan rubuta wa takardar, kai ko mai gadi."

Bayan mako uku takardar ta zo, da sunana. An ɗaura aure. Duk shekara ina yin wannan darasin, Baba Modu a gaban allo, ni a benci, kuma ban taɓa alfahari da wani abu a aikina kamar wannan ba. Yara dai har yau Malam Ko Ɗaya suke kirana, ina amsawa. Ni ma na koyi nawa: yanzu kafin in rantse cewa na da ba su yi wani abu ba, sai na fara duba abin da ke hannuna.