Rasuwar Koren Maɓallin Aika Oda

Cikin baƙin cikin da ya cika mata zuciya, Tabitha Simon, mai rubuta manhajar waya a wani bene da ke Sabon Gari, tana sanar da rasuwar koren maɓallin nan mai suna Aika Oda, wanda ya yi aiki a manhajar Madam Ebere, dillaliyar kayan masarufi a Kasuwar Singa.

Marigayin ɗan gado ne. Daga maɓallin gama-gari da kowa ke amfani da shi Tabitha ta fitar da shi, ya gaji siffar uban da yadda yake amsa dannawa, ita kuma ta ƙara masa tarbiyya. Ta faɗaɗa shi saboda Madam ba ta gani sosai. Ta koya masa cewa komai yawan dannawar mai gaggawa, oda ɗaya zai aika. In ya karɓa sai ya ce ƙit, ya yi shiru.

Lafiyarsa ƙalau ranar Litinin da Tabitha ta sauka sayen abinci, ta bar kwamfutarta a buɗe. Ko da ta dawo, ba ya motsi. Felix, abokin aikinta, ya ce sabunta kayan aikin aka yi, uban ya canza hali, ɗan ya kasa bin sa. Tabitha ba ta musa ba. Abin da ta tambaya shi ne wa ya sabunta ɗin, tunda su biyu ne a ofis. Kuma Felix, wanda ya sha cewa koren ƙauyanci ne, kafin la'asar ya fito da wani shuɗin maɓalli a shirye ya maye gurbinsa, wai da ma a ajiye yake. Shuɗin ne ya aika odar taliya sau uku, har Madam ta kira ta ce in aka sake za ta nemi wasu masu manhaja.

Koren ya rasu ya bar uban da bai ma san ya rasu ba, da ɗa guda, maɓallin Soke, wanda ke kwance ba lafiya.

Za a binne shi ranar Asabar a wata ma'ajiya mai kalmar sirri, ba za a goge ko layi ɗaya na rubutunsa ba sai an gama bincike. Ana karɓar gaisuwa a ofis. Felix ma zai iya zuwa, amma kujerarsa tana bakin ƙofa, nesa da kwamfuta.